Yadda Za Ka Fara Aiki da AI a Wayarka, Daga Sauke Manhaja Har Tantance Amsa

Kusan kullum sai an yi mini tambayar nan, kuma kalmominta ba sa canzawa: "Wai ta ina ake farawa?" Wani ya ji abokan aikinsa suna cewa AI ce ta tsara musu rahoto. Wata ta ga ƙanwarta tana yi wa waya magana, wayar na mayar mata da amsa sai ka ce mutum. Wani kuma ya riga ya sauke manhajar, ya rubuta mata "sannu", ta amsa, daga nan ya rasa abin cewa, ya goge ta. Amsa wa mutane ɗai-ɗai ta ishe ni, shi ya sa na zauna na jera matakan kamar yadda nake nuna wa wanda ya zo ya same ni da wayarsa a hannu.

Ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, fage ne mai faɗi. A nan ina magana ne kawai a kan manhajojin hira, waɗanda za ka rubuta musu magana su ba ka amsa, irin ChatGPT da kamfanin OpenAI ya saki a ƙarshen Nuwamban 2022. Kafin mu shiga, ka ɗauki irin wannan manhaja kamar wani yaron aiki da ka samu mai kaifin kai, ya yi karatu fiye da zatonka, hannunsa da sauri, ba ya gajiya. Matsalarsa biyu ce. Bai san ka ba, bai san halin da kake ciki ba. Sannan yana jin nauyin cewa "ban sani ba", gara ya ƙirƙiro amsa ya ba ka. Kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa daga waɗannan halaye biyu ya samo asali.

Mataki na 1: Tanadi kayan aiki

Waya mai shiga intanet ko kwamfuta ta wadatar. Ba sai mai tsada ba, domin ba a cikin wayarka ake yin nauyin aikin ba. Saƙonka tafiya yake yi zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, amsa ta dawo maka. Shi ya sa da sabis ya ɗauke hira take tsayawa cak.

Sai adireshin imel da kake iya buɗewa. Na ce "da kake iya buɗewa" ne da gangan, domin mutane da yawa rabonsu da kalmar sirrin imel ɗinsu tun ranar da aka saita musu waya. In kana cikinsu, fara warware wannan. Sai data. Hirar rubutu ba ta cin data sosai, murya da hotuna ne masu lashewa.

Abu na ƙarshe shi ne aiki guda ɗaya na gaske da ke gabanka a makon nan: wasiƙar da ka daɗe kana jan ƙafa wajen rubutawa, darasin da ya ƙi shiga kanka, doguwar takardar da aka ba ka ka karanta. Wanda ya shiga hannu rabbana, ba shi da abin yi, shi ne yake fitowa yana cewa abin ba shi da amfani.

Hattara: akwai ƙa'idar shekaru. ChatGPT ba ya karɓar wanda bai kai 13 ba, wanda bai kai 18 ba kuma sai da izinin iyaye. Claude daga 18 yake farawa. In yaro za ka buɗe wa, ka zauna tare da shi.

Mataki na 2: Zaɓi guda ɗaya

Sanannun su ne ChatGPT na OpenAI, Gemini na Google, Claude na Anthropic, Copilot na Microsoft, sai Meta AI da ke fitowa a cikin WhatsApp da Facebook a ƙasashen da aka buɗe ta. Dukkansu suna da tsarin kyauta. In kana da asusun Gmail, Gemini ta fi sauƙin shiga, tunda da asusun nan za ka shiga. In kana son wadda za ka fi samun mai nuna maka idan ka maƙale, ChatGPT ta fi yawan masu amfani.

Kada ka ɓata kwana uku kana neman "wacce ta fi". A matakin da kake, bambancinsu bai kai bambancin da ke tsakanin kyakkyawar tambaya da gurguwar tambaya ba. Ɗauki ɗaya, ka yi mako biyu da ita.

Mataki na 3: Sauke ta ainihi, ka buɗe asusu

Nan ne aka fi yi wa sababbin shiga sakiyar da ba ruwa. Ka shiga Play Store ko App Store ka rubuta sunan manhajar, za ka ga jerin manhajoji masu tambari kusan iri ɗaya da sunaye masu kama da juna. Wasu ma talla ce aka biya aka ɗora su a sama. Kada ka duba tambari. Duba ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin sunan, inda aka sa sunan kamfanin da ya yi ta. Ta ChatGPT za ka ga OpenAI. Ta Gemini za ka ga Google. Ta Claude za ka ga Anthropic. In ka ga wani suna daban, wuce.

Wanda wayarsa ta cika ba sai ya sauke komai ba. Buɗe burauza, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, ka rubuta chatgpt.com, ko gemini.google.com, ko claude.ai. Aikin ɗaya ne.

Daga nan sai rajista. Hanya mafi sauƙi ita ce danna maɓallin shiga da asusun Google ko na Apple. In imel ka zaɓa, za a turo maka saƙon tabbatarwa, in ba ka gan shi ba leƙa akwatin saƙonnin shara. Ka tuna hanyar da ka bi ka shiga, domin wanda ya yi rajista da Google yau, gobe ya shiga da wani imel, zai tarar da asusu fanko ya ɗauka hirarrakinsa sun ɓata.

Hattara: duk manhajar da ta tare ka da neman lambar katin banki kafin ta bar ka ka rubuta kalma ɗaya, rufe ta. Wani ɗan'uwana ya taɓa kawo mini wayarsa yana mitar cewa ana cire masa kuɗi duk mako. Da muka duba, ashe wata manhajar kwaikwayo ya sauke, ta ba shi "gwajin kyauta" na kwana uku, ya danna amincewa bai karanta ƙananan rubutun ba. Ya goge ta tun a rana ta biyu, amma cirar kuɗi ta ci gaba, domin goge manhaja daban, soke rajistar biya daban. Zan dawo kan wannan a mataki na ƙarshe.

Mataki na 4: Gyara saitin sirri kafin ka rubuta komai

Mutane suna tsallake wannan saboda ɗoki, alhali minti biyu ne. Abin da ka rubuta yana zuwa hannun kamfani, ana adana shi, kuma a tsarin kyauta na yawancinsu ana iya amfani da shi wajen ƙara horar da na'urar da ke ba ka amsa, wato ƙara koya mata, sai in ka kashe. A ChatGPT, shiga saiti, ka nemi wurin da aka rubuta Data controls, ka kashe maɓallin da ke ba da izinin inganta na'urar da hirarka. Gemini da Claude su ma suna da makamancinsa a ɓangaren sirri ko na tarihin ayyuka. Sunayen maɓallan suna canzawa lokaci-lokaci, amma wurin bai cika nisa da nan ba.

Akwai kuma hirar wucin gadi, wadda ba ta shiga tarihinka. Tana da amfani in za ka tambayi abin da ba ka so wanda ya ari wayarka ya gani. Duk da haka OpenAI ya bayyana cewa yana iya riƙe irin wannan hirar har kwana 30 saboda dalilan tsaro, don haka kada ka ɗauke ta a matsayin rijiyar da ba a leƙawa.

Hattara: ko ka gyara saiti, akwai abubuwan da ba a zuba mata. Kalmar sirri, lambar katin banki, lambar katin shaida, takardun asibitin wani, sirrin wurin aiki. A 2023 wasu ma'aikatan Samsung sun kwafi bayanan cikin gida na kamfanin sun liƙa a ChatGPT don ta taimaka musu, abin da ya sa kamfanin ya taƙaita amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa. In dole sai ka sa takarda mai sunaye, canza sunayen da lambobin kafin ka tura. Haka kuma in ka danna maɓallin raba hira ka tura wa wani mahaɗin, wato adireshin intanet da ake dannawa a buɗe ta, duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa zai karanta hirar.

Mataki na 5: Fara da abin da ka riga ka sani

Yawancin mutane tambayarsu ta farko a kan abin da ba su sani ba ce. Amsa ta zo a tsare, da kanun bayani da lambobi, sai su saki baki. To, ta yaya za ka gane ta yi daidai ko ta yi kure a fagen da kai baƙo ne?

Juya abin. In kai tela ne, tambaye ta yadda ake yanka hannun riga. In makanike ne, tambaye ta dalilan da ke sa inji ya riƙa ɗaukar zafi. In malamar makaranta ce ke, sa ta bayyana darasin da kika koyar sau ɗari. Yi mata tambaya biyar ko shida, kana matsawa daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Za ka ga ta burge ka a ta farko da ta biyu. Wajen ta huɗu ko ta biyar za ka kama ta ta faɗi abin da duk wanda ya taɓa riƙe almakashi ko sifana ya san ba haka yake ba, kuma da irin muryar tabbacin da ta faɗi na gaskiyar za ta faɗe shi. Wannan kamun shi nake so ka yi da idonka. Gani ya kori ji, kuma wanda ya kama ta sau ɗaya a fagensa ba zai ƙara haɗiye amsarta ido rufe a fagen wani ba.

Mataki na 6: Koyi ba da umarni

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Ka tuna yaron aikin nan bai san ka ba. Ga yadda sabon shiga yake rubutawa:

"Rubuta min wasiƙar neman hutu."

Za ta rubuta, ba za ta ƙi ba. Amma wasiƙar kowa da kowa za ta ba ka, doguwa, cike da gaisuwa da guraben da aka bari ka cike, wataƙila ma da dalilin da ba naka ba. Sai ka ce abin bai iya ba. Ga wani yadda ya rubuta:

"Ni ma'aikacin sito ne a wani kamfani, shekarata uku a wurin. Ina so in rubuta wa manajana wasiƙar neman hutun kwana biyar daga Litinin mai zuwa, saboda za a yi wa mahaifiyata aiki a asibiti kuma ni zan yi jinyarta. Na riga na shirya da abokin aikina zai riƙe mini wurina. Manajan ba ya son dogon bayani. Rubuta ta da Turanci mai sauƙi, cikin ladabi, kada ta wuce layi goma, kuma kada ka ƙara wani dalili da ban faɗa ba."

Dubi abin da ke cikin na biyun. Ya faɗi ko shi waye. Ya faɗi wanda zai karanta da halinsa. Ya ba da ainihin bayanan, kwana nawa, daga yaushe, don me. Ya faɗi siffar abin da yake so, harshe da tsawo da murya. Sannan ya ja layi a kan abin da ba ya so. Ba sai ka haddace wannan kamar karatu ba. Abin da nake gaya wa mutane shi ne, ka yi tunanin baƙon da ya sauka yau ka ba shi aikin nan: me zai tambaye ka kafin ya fara? Amsoshin tambayoyin nasa su ne umarninka.

In ka rasa me za ka faɗa, akwai dabarar da ta fi kowacce yi mini aiki. Rubuta buƙatarka a taƙaice, ka ƙara da cewa: "Kafin ka fara, yi mini duk tambayoyin da kake buƙata, ɗaya bayan ɗaya." Sai ka ga ita ce take tatsar bayani daga bakinka, har abubuwan da ba ka yi tunanin suna da muhimmanci ba.

Wajen karatu kuma, faɗa mata matsayinka. "Bayyana mini yadda kuɗin ruwa mai hauhawa yake aiki" zai kawo maka bayanin littafi. Ƙara "ban yi lissafi mai zurfi ba, yi amfani da misali ɗaya da ƙananan lambobi, ka tsaya bayan kowane mataki ka tambaye ni ko na gane", sai ta koma malami mai haƙuri. Ɗalibai, ku ji wannan da kyau: sa ta ta yi muku tambayoyin gwaji ta duba amsarku ya fi muku sa ta ta rubuta muku aikin gida. Ranar jarrabawa ba ta shiga aji da ku.

Babban aiki kuma a gutsura shi. Kada ka ce ta rubuta maka tsarin kasuwanci gaba ɗaya a numfashi guda. Fara da jerin sassan, ka gyara jerin, sannan ku ɗauki sashe-sashe. Kada kuskuren rubutu ya dame ka, tana gane magana ko da harafi ya faɗi. Ƙarancin bayani ne yake kayar da ita.

Hattara: tana da son faranta rai. In ka ce "wannan shawarar tawa ai mai kyau ce ko?", da wuya ba ta yaba ba. In gaskiya kake so, ce mata: "Faɗa mini manyan raunuka uku na wannan shawarar, kamar kai ne wanda zan nemi jari a wurinsa."

Mataki na 7: Kada ka tsaya a amsar farko

Amsar farko daftari ce. A cikin hirar nan dai, ce mata abin da bai yi maka ba, kai tsaye: "Ya yi tsawo, rage rabi." "Sakin layi na biyu ya yi kama da roƙo, mayar da shi bayani." "Ba ni salo uku in zaɓa." Tana riƙe da abin da kuka tattauna a sama, ba sai ka maimaita ba.

Amma wannan riƙon yana da iyaka. In hira ta yi tsawo sosai sai ta fara mance umarnin farko, ko ta riƙa cakuɗa batutuwa. Kowane sabon aiki ka buɗe masa sabuwar hira. In kuma ka ga kun shiga zagaye, kana gyara tana komawa kan kuskuren nan, kada ka tsaya jayayya. Kwafi abin da ya yi kyau, buɗe sabuwa, ka sake ba da umarni da abin da ka koya.

Mataki na 8: Tantance kafin ka yi amfani

Dole in taɓa yadda abin yake aiki kaɗan, domin gargaɗin ya zauna. An horar da na'urar ne da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Amsarta gini ne da take yi kalma bayan kalma. Ba ma'ajiyar tabbatattun bayanai take buɗewa ta ɗauko ba. Inda aka yi rubutu da yawa a kan batu, hasashen yakan faɗa kan gaskiya. Inda rubutu ya yi ƙaranci, sai ta gina abin da ya yi kama da gaskiya, ta miƙo maka ba tare da ta nuna alamar shakka ba.

Ni kaina ta taɓa yi mini. Na nemi wata daga cikinsu ta ba ni littattafai biyar a kan wani batu da nake nazari. Ta jero su tsaf, da sunan marubuci da shekara da maɗaba'a. Na yi yini guda ina nema. Biyu na samu. Ɗaya marubucin na gaske ne amma bai taɓa rubuta littafi mai wannan suna ba. Sauran biyun kuwa babu su babu dalilinsu.

Nawa asarar yini ce kawai. A 2023 wasu lauyoyi a birnin New York na Amurka sun shigar da takarda gaban kotun tarayya ɗauke da hukunce-hukuncen baya guda shida da ChatGPT ta ƙirƙiro, babu ko ɗaya da ya taɓa faruwa. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Abin lura a labarin shi ne, lauyan da ya yi binciken ya tambayi manhajar ko shari'o'in na gaske ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. Don haka tambayarta "ka tabbata?" ba tantancewa ba ce. Wani lokaci ta nace a kan ƙarya, wani lokaci kuma ta ba ka haƙuri ta janye amsar da take daidai.

Ga yadda nake yi. In aikin na sarrafa abin da ni na ba ta ne, kamar taƙaita takarda ko gyara wasiƙa, ina karantawa in gwada da asalin, in duba ko ta ƙara abin da babu ko ta zubar da abu mai muhimmanci. In kuma bayani ne daga kanta, ina ja layi a ƙarƙashin duk suna, kwanan wata, adadi, da maganar da aka jingina wa wani, in neme su a wani wuri daban. Yawancin manhajojin yanzu suna iya bincike a intanet su sa mahaɗin inda suka samo. Ce mata ta bincika ta ba ka mahaɗi, sannan ka danna mahaɗin ka karanta da kanka, domin takan jingina wa shafi abin da bai faɗa ba. Labarin da ya faru jiya ko farashin yau kuwa, in ba ta yi binciken intanet ba, iliminta ya tsaya ne a lokacin da aka gama horar da ita.

Lissafi ma haka. Sa ta nuna matakan, ka bi su da kalkuleta.

Hattara: abubuwa huɗu ba a yanke hukunci a kansu da amsarta kaɗai, wato magani, shari'a, kuɗi masu yawa, da nassin addini. Za ta iya fassara maka kalmomin da ke takardar gwajin asibiti, ta taimaka maka ka shirya tambayoyin da za ka yi wa likita, wannan amfani ne mai kyau. Amma adadin maganin da za a ba yaro, likita ko mai harhaɗa magani ake tambaya. Nassi kuma takan kawo shi da lafazin da ya yi kama, ta jingina shi ga littafin da ba ya ciki. Koma ga littafin ko ga malami kafin ka tura wa kowa.

Mataki na 9: Murya, hoto da takardu

Bayan ka saba da rubutu, duba alamomin da ke gefen akwatin saƙo. Makirufo na mayar da maganarka rubutu. Akwai kuma hirar murya, inda za ku yi ta magana kamar a waya. Alamar ƙari ko ta kyamara kuma ta tura hoto ko fayil ce. Ɗauki hoton takardar da aka rubuta da harshen da ba ka ji, ko saƙon matsala da ya fito a allon kwamfuta, ko shafin littafi, ka ce ta bayyana maka. Hoton ya zama da haske, a miƙe, rubutun ya fito. Lambobi da rubutun hannu su ta fi karantawa ba daidai ba, ka duba su sau biyu. A tsarin kyauta, hotuna da fayiloli su suka fi saurin cinye maka kason ranar.

Hattara: kada ka ɗora hoton wani ka ce a sauya shi ba da saninsa ba. Wasa ne a wurinka, a wurinsa yana iya zama ɓata suna, kuma ƙasashe da dama suna hukunta hakan.

Mataki na 10: In da Hausa za ka yi

Za ka iya, kuma tana fahimta fiye da yadda mutane suke zato, ko ba ka sa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ba. Sai dai rubutun Hausar da aka horar da ita da shi bai kai ko kusa da na Turanci ba, kuma hakan yana nunawa. Takan mayar da mace namiji a tsakiyar jimla. Takan ɗauko ginin Turanci ta sa masa rigar Hausa, kalmomin namu ne amma ba haka muke faɗa ba. In ka nemi karin magana, tana iya ƙera maka wanda kakanninka ba su taɓa ji ba, ta kuma ba ka fassararsa da bayani. Wajen jin murya ma ta fi tuntuɓe a Hausa.

Abin da nake yi shi ne, in batun mai zurfi ne kuma mutum yana jin Turanci ko Larabci ko Faransanci, ya yi tambayar da wannan harshen, sannan ya ce a mayar masa Hausa, ya gyara da kunnensa. Karanta shi da ƙarfi. Duk inda harshenka ya sarƙe, nan ne gyara yake. Wanda Hausa kaɗai yake ji kuma ya yi gajerun jimloli, tambaya ɗaya a lokaci guda, in amsa ta zo da wata kalma baƙuwa ya ce a sake faɗa da Hausar yau da kullum.

Mataki na 11: Maganar kuɗi

Kada ka biya ko sisi a watan farko. Tsarin kyauta ya ishi mai koyo. Iyakarsa ita ce bayan wasu saƙonni za a ce ka jira 'yan sa'o'i, ko a mayar da kai kan ƙaramar na'ura mai ƙarancin ƙarfi. In wannan katangar tana tare ka sau da yawa a mako, a tsakiyar aikin da yake kawo maka kuɗi, to lokacin tunanin biya ya yi. Tsarin biya na gama-gari a ChatGPT da Claude da Gemini yana kan dala 20 ko kusa da haka a wata. Akwai masu rahusa a wasu ƙasashe, akwai kuma na ƙwararru da ke kaiwa dala 200, wanda ba ruwan mai farawa da shi. Duba farashin a cikin manhajar kanta, domin yana sauyawa, kuma haraji da canjin kuɗi suna iya ƙara shi. Biya yana ƙara maka yawan amfani da ƙarfin na'ura, amma bai cire mataki na 8 ba.

Hattara: masu tallan "asusun biya a rabin farashi" yawanci asusu ɗaya suke raba wa mutane da yawa. Duk wanda ke ciki yana ganin hirar kowa, kuma ranar da kamfanin ya rufe asusun ba ka da wanda za ka kama.

Rajistar biya tana sabunta kanta duk wata har sai ka soke, kuma inda ka biya nan ake sokewa. In ta Play Store ka biya, buɗe shi, danna hotonka da ke sama, shiga ɓangaren biyan kuɗi da rajista, zaɓi manhajar, ka soke. A iPhone, shiga saitin waya, danna sunanka, za ka ga jerin rajistocinka. In a shafin kamfanin ka sa katinka, can za ka koma, cikin saitin asusu. Bayan ka soke za ka ci gaba da morar tsarin har ƙarshen kwanakin da ka biya, don haka wanda wata ɗaya kawai yake so ya gwada zai iya sokewa tun ranar da ya biya. Tunda ka buɗe jerin, duba sauran abubuwan da ke ciki. A nan ne muka tarar da manhajar da ke cin kuɗin ɗan'uwan nan nawa, tare da wata ta gyaran hoto da ya manta ya taɓa saukewa.